Gidan da Inna Ta Hana a Saya

Uwar mijina tela ce. Duk layinsu Inna Mai Keke suke ce mata, saboda tsohon keken ɗinkinta da ake jin ƙararsa tun daga bakin titi. Gajeriya ce, ba jiki, tabarau kullum a karan hanci, ga wata murya mai sanyi da in ka ji sai ka rantse ko kaza ba ta taɓa kora ba. Ni ma haka na ɗauka lokacin da na auri autanta. Sai da muka saba na gane cewa duk rigimar da ta tashi a layin nan, in ka bi zarenta a hankali, a ƙarƙashin keken Inna za ka tarar da bakinsa. Ina son matar nan har cikin raina, amma ban taɓa juya mata baya ban waiwaya ba.

Gidan da take ciki na haya ne. Ta shige shi tana amarya, a ciki ta haifi 'ya'yanta duka, a ciki mijinta ya rasu. Ɗaki biyu ne da falo, sai kicin, sai 'yar tsakar gida mai famfo a gefe. Daga can baya akwai wani ɗan ɗaki da ba ya cikin ginin asali. Marigayin ne ya roƙi mai gidan ya bar shi ya gina mata, don ta daina ɗinki a falo yara suna taka allura. Shi kafinta ne, ba magini ba, amma irin mutanen nan ne da ba su yarda akwai aikin hannun da ya fi ƙarfinsu ba. Shi ya kwaɓa simintinsa, shi ya jera bulonsa a ranakun hutu, ya kuma haɗa wa ɗakin wata ƙofa ta katako mai nauyi wadda ba ta ƙara in an buɗe ta. A nan keken yake, da tarin yaduka, da wani ƙaton kabad jingine da bangon baya. Tunda nake zuwa gidan ban taɓa ganin an matsar da kabad ɗin ba, ko ranar babbar shara.

Da mai gidan ya rasu, magadansa suka ce ba za su iya zaman jiran kuɗin haya ba, sayarwa za su yi a raba. Suka damƙa wa wani dillali, shi kuma ya zo ya rubuta "na sayarwa" a jikin bango da jan fenti. 'Ya'yan Inna kowa ya ce ta dawo wurinsa. Babbar 'yarta har ɗaki ta share. Inna ta saurare su duka, ta gode, ta sa musu albarka, sannan ta ce, "A nan ubanku ya ajiye ni. Ranar da zan fita, a kwance za a fitar da ni." Amma ita ma ta sani, duk wanda ya sayi gidan ba don ya zuba mata ido tana ɗinki zai saya ba.

A garinmu mai hankali ba ya sayen gida sai ya kawo mai dubawa. Aikinsa shi ne ya auna filin ya ga ko iyakarsa ta dace da abin da aka ce ana sayarwa, ya duba bango da rufi da tushen gini, ya rubuta abin da ya gani. Kuɗin aikin hawa-hawa ne. Akwai na leƙe, wanda mutum zai zagaya da tocila, ya ɗaga kai, ya sunkuya, ya kama gabansa. Akwai kuma babban, wanda za a hau rufi, a shiga silin, a ƙwanƙwasa kowane bango, shi kuwa yakan lashe wa ƙaramin ma'aikaci albashin wata. Mai saye ne ke biya, kuma ko ya sayi gidan ko ya fasa, kuɗinsa sun tafi ke nan.

Inna ba ta san da wannan ba sai da mai dubawa na farko ya zo. Ta ba shi kujera, ta haɗa masa shayi, ta ɗinke masa maɓallin riga da ke lilo, tana yi tana tambaya kamar mai neman sani don Allah.

"To ɗan nan, in ka ce gidan ba kyau, sai ka mayar wa bawan Allah kuɗinsa?"

Ya ce a'a.

"Ko rabi?"

Ya ce ko rabi.

Inna ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki." Maƙwabciyarta da ke zaune a wurin ta ce ta ga wani ɗan murmushi ya gilma a bakinta, irin wanda takan yi in ta gano yadda za ta fitar da riga daga yadin da bai isa ba.

Daga ranar gidan ya kwanta rashin lafiya. Da zarar dillali ya aiko cewa gobe ana zuwa dubawa, sai ciwon ya tashi. Da sassafe Inna za ta bi gindin bangon falo da ruwa, ta yadda kafin baƙi su iso danshi ya hau ya yi duhu. Ta jera robobi da bokitai a ƙarƙashin silin, kowanne da ɗan ruwa a ciki. Ta aika shagon tsofaffin abokan mijinta a ɗebo mata garin katako, ta barbaɗa a gindin ƙofofi da tagogi, ka rantse gara ta cinye gidan saura fenti.

Kuma ba ta yin ƙarya, wannan takan faɗe shi da alfahari. Yabon gidan take yi, irin yabon da ke sa mai saye ya fara laluben takalminsa.

"Gida lafiya lau, ranka ya daɗe. Ruwan damina ma bai taɓa wuce gwiwa ba." Gaskiya ne, tunda ko ɗigo bai taɓa shiga ba.

In aka ce robobin nan fa, sai ta ce, "A'a, kada su dame ka. Ni na saba da su."

Wata amarya da suka zo da angonta ta tambaye ta ko akwai ƙwari. Inna ta yi ɗan tunani, sannan ta ce, "Ni dai tsakani da Allah ban taɓa ganin maciji a ɗakin kwana ba." Ta ɗan ja "ɗakin kwana" ɗin. Amaryar ba ta tsaya shan shayi ba.

Masu sayen nan duk na leƙe suke biya, don kowa na tattalin aljihunsa. Mai dubawa ya haska tocila, ya ga danshi, ya ga roba, ya ga garin katako, ya ga tsohuwa mai fuskar gaskiya, sai ya rubuta abin da zai kare kansa. Mai kantin magani ya fasa. Wani da ke son mayar da gaban gidan shaguna ya fasa. Labari ya bazu cewa gidan nan cin kuɗin dubawa kawai yake yi, mutane suka fara ƙin ko leƙowa. Magada suka dinga rage farashi. Dillali ya rame, jan fentinsa ya koɗe ya sake shafawa. Duk zuwan da zai yi kuwa sai Inna ta jajanta masa, ta ce kasuwa ce, ya yi haƙuri.

Ni na kama ta ne wata Asabar da na kai mata jikokinta. Na shiga falo na tarar da ita tsaye a kan tebur, da kofin ruwan sitaci a hannu, tana manna baƙin zare a bango. Ta faro shi daga kusurwar silin tana gangaro da shi a karkace, nan ya lanƙwasa, can ya yi reshe. Daga ƙasa in ka ɗaga kai, tsaga ce sak.

Na ce, "Inna, me nake gani haka?"

"Kama min ƙafar teburin nan, Malama, ki daina kallona kamar baƙuwa." Malama take ce min don ina koyarwa.

"Inna, kuɗin bayin Allah fa ke tafiya."

"Ni na karɓa? Zarena ne, bangon kuma haya nake biya. Wanda ya ga zare ya ce tsaga ce, ido ya kamata a duba masa, ba gida ba."

Na kama teburin. To me zan yi? In ta faɗo ni za a tambaya.

Mijina, wanda duk danginsu Auta suke kiransa har da furfurar da ta fara fito masa, direban motar asibiti ne. Mutum ne mai zurfin ciki, in yana ƙulla abu sai ya gama kake ji. Wata rana bayan mun ci abinci ya ce min zai sayi gidan Inna. Ya daɗe yana tari, farashi ya sauko daidai hannunsa, banki ya yarda ya cika masa sauran. Sharaɗin banki ɗaya ne, sai an yi babban dubawa, kuma sai rahoto ya yi kyau. In ya ɓaci, ba rance. Kuɗin dubawar kuma, ya faɗa yana kallon ƙasa, sai dai mu taɓa waɗanda muka ware don firjina. Firjin da na yi ta buri har na share masa wuri a kicin.

Na haɗiye wannan. Na ce to sai a gaya wa Inna.

Ya ce a'a. Wani abokin aikinsa ne ke ciniki a madadinsa, don in magada suka ji ɗan mai haya ne ke so, za su gane ba shi da wurin zuwa, su maido da tsohon farashi. "Inna ta iya riƙe sirri," in ji shi, "amma farin ciki ba ta iya riƙe shi ba. Kafin la'asar duk layin ya ji."

Nan na kwashe labarin zare da robobi da garin katako na zayyana masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Innata? A kan tebur? Ke dai Malama kin cika ƙari."

Haka maza suke game da iyayensu mata. Ka nuna musu da yatsa, su ce yatsanka ne ya karkace. Ya sa na rantse ba zan faɗa mata ba, na rantse, raina a ɓace.

Ana gobe dubawa na kasa zama, na tafi wurinta. Na same ta tana wanke robobi. Na yi ta kewaye-kewaye, can na ce, "Inna, wannan karon da kin bar su sun duba kawai. Na ji an ce mai sayen mutumin kirki ne."

Ta sauke tabarau ta dube ni ta samansa. "Wa ya gaya miki? Ko dillali ya fara ba ki la'ada?"

"Haka dai na ji."

"Mutumin kirki ai shi ne abin tsoro. Mugu zai kore ni da tsawa in samu bakin kai ƙara. Na kirki da sallama zai kore ni, har ya taya ni ɗaure kaya." Ta miƙe ta shiga maƙwabta ta aro ƙarin bokiti. Wato maganata ba abin da ta yi sai ƙara wa gidan zazzaɓi.

Washegari na ɗauki izini a makaranta na je na zauna a falon Inna. Mai dubawar da banki ya turo babban mutum ne, mai tumbi da furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Ya zo da tsani mai naɗewa, da tef na awo, da wata 'yar na'ura mai tsinke biyu da yake dannawa a bango ta faɗa masa ko akwai ruwa a ciki. Ya fara da waje, ya ba dillali bakin tef ya riƙe, suka zagaye filin. Da ya shigo, Inna ta tarbe shi da fara'arta ta ranar aiki.

"Sannu da zuwa, Injiniya. Bi a hankali kada ka yi tuntuɓe da robobin nan."

Ya dubi robobin, ya dubi silin. Ya kafa tsani, ya ture murfin silin, ya tura tumbinsa ciki da ƙyar. Muka dinga jin motsinsa a sama. Da ya sauko duk yanar gizo ta lulluɓe masa hula.

"Mama, saman nan naki ya fi maƙogwarona bushewa."

"Af, bari a kawo maka shayi," in ji Inna.

Ya durƙusa a gindin bangon falo ya danna na'urarsa, ta yi ƙara. Ya ɗaga ta sama kaɗan ya danna, shiru. Ya shafa danshin da yatsa ya kai hanci. Ashe ranar ruwan famfo bai zo da wuri ba, da ruwan wanki ta yi aikin.

"Mama, ruwan ƙasarku da sabulu yake tsattsafowa?"

"Gari ya ci gaba, ɗan nan," ta ce, ko gezau.

A ƙofar kicin ya tsaya ya daɗe yana kallon tulin garin katako. Saboda zumuɗi Inna ta manta cewa wannan ƙofar ta ƙarfe ce, tun bara aka canja ta. Ya ɗebo garin ya murza.

"Garar gidan nan ƙwararriya ce. Ƙarfe take ci, ta kasayar da katako."

Dillali ya fara zare ido. Da aka zo kan tsagar falo, Injiniya ya hau tsani, ya kai fuskarsa dab da bango, ya sa farce ya kama bakinta. Sai ga tsaga tana biyo hannunsa tun daga silin har ƙasa, da rassanta duka. Ya naɗe ta a yatsa, ya sauko, ya miƙa wa Inna da hannu biyu.

"Ga tsagarki, Mama. Adana ta, za ta yi wani aikin."

Dillali ya dafe kai ya zauna a hannun kujera. "Inna, ashe ke ce? Duk wahalar nan da nake sha? Ni da nake kawo miki ɗinkin iyalina?"

"Kasuwa ce, ɗan nan," ta ce. "Ka yi haƙuri."

Ni kuwa daɗi ya cika ni. Na ce a raina ko ba komai firjina bai tafi a banza ba. Na fara tattara robobi ina ɓoye dariya, sai na ji Injiniya ya ce, "Saura ɗakin baya."

Tun safe Inna ke gabansa, tana jansa daga wannan ciwo zuwa wancan. Yanzu sai ta tsaya a tsakar gida ta kasa gaba.

"Can ba komai. Ɗakin ɗinki ne. Lafiyarsa ƙalau."

Wannan ne yabo na farko da na ji ta yi wa gidan ba ƙugiya a ciki. Shi ma ya ji.

"Mama, duk inda muka bi kina nuna min ciwo. Nan kaɗai kika ce lafiya. Ki yi haƙuri, sai na gani."

Ya tura ƙofar ya shiga, muka bi shi. Ya dubi daɓen ƙasa, ya dubi inda rufi ya haɗu da bango, sannan ya tsaya a gaban kabad. Ya yafito dillali, suka kama, suka ja shi gefe da nishi. Inna ba ta hana su ba. Ta zauna a kujerar kekenta ta ɗora hannu a cinya.

Tsaga ce ta gaske, daga sama har ƙasa, wadda hannun mutum zai shige. An cusa mata ƙyallaye an toshe ta tam, guntayen yadin da ke ragewa in an yanka riga, launi-launi, wasu sababbi, wasu sun koɗe sun yi fari. Na gane guntun rigar 'yata ta bara. Ashe katakon bayan kabad ɗin yana cirewa, ta cikinsa take kai hannu. Can ƙasa inda tsagar ta faro na ga ruwan toka irin na wandon makarantar da Auta ke sanye da shi a wani tsohon hoto. Tun yana yaro ke nan bangon ke buɗewa, ita kuma tana toshewa.

Injiniya ya saki igiya mai ɗan ƙarfe daga saman bangon, muka ga yadda ya kwanta waje. Ya fita ya tona gindinsa kaɗan ya dawo. Ya ce bulo ne kawai aka jera a kan ƙasa, ba tushe.

"Wa ya gina?"

"Maigidana. Allah ya jiƙansa."

"Amin. Magini ne?"

"Kafinta ne." Ta cire tabarau ta riƙe. Muryar wasan nan duk ta tafi. "Ɗan nan, ka rubuta duk gidan ruɓaɓɓe ne, na yarda. Ka rubuta gara, ka rubuta ruwa, ka rubuta tsohuwar ciki maƙaryaciya ce. Amma kada ka rubuta aikinsa bai yi ba. Ranakun hutunsa ya ba ɗakin nan. Yana yi maƙwabta na masa dariya, ya ce min ɗakin zai fi su daɗewa a duniya."

Tausayinta ya kama ni har na kasa dubanta. Duk robobin nan da zaren nan, ashe rabinsu don ta zauna a gidan ne, rabinsu don a gaji tun a falo kada a iso nan.

Injiniya ya ce, "Mama, abin da ban gani ba ba zan rubuta ba. Abin da na gani kuma ba zan bari ba. Ɗakin nan sai an sauke shi. Kullum a ƙarƙashin haɗari kike ɗinki." Ya juya zai fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ƙwanƙwasa katakon da ya zagaye ta, ya shafa mahaɗarsa, ya haska tocila sama inda katakon rufi ya sauka a kansa. Ya buɗe ƙofar ya rufe, ya sake buɗewa.

"Wannan ma shi ya yi?"

Ta gyaɗa kai.

"To bangon ya daɗe da ajiye aiki. Katakon nan ne ke ɗauke da rufin. Ba don shi ba da tuni an yi abin kuka a ɗakin nan. Wannan ma zan rubuta."

Inna ta ci gaba da zama a kujerar kekenta. Ranar ko rakiya ba ta yi musu ba.

Da rahoto ya fito, ya ce gida garau yake, ɗakin baya ne kawai za a rushe. Banki ya amince, magada ma suka ɗan sassauta saboda rusau ɗin. Muka tafi ni da Auta mu gaya mata. Mun tarar ta fara ɗaure kaya, kwalaye jere a falo inda robobi suka saba zama. Ta rame a 'yan kwanakin nan, ta zama tsohuwa sosai. Auta ya durƙusa a gabanta.

"Inna, kwance kayan nan. Ni ne mai sayen."

Ta dube shi ta daɗe. Ta dube ni. Ta koma kansa.

"Kai ka turo min mai tumbin nan?"

"Ni ne, Inna."

"Kai ka biya shi?"

"Da kuɗin firjin Malama."

"Ka kwashi kuɗi ka ba wani ƙato ya gaya maka abin da na sani tun kana sa gajeren wando? Da ka tambaye ni ai kyauta ne."

"Da na tambaya za ki faɗa min, Inna?"

Ta kau da kai. "Da ban faɗa ba," ta ce. Sai ta juyo kaina, don dole haushin ya samu wurin sauka. "Ke kuma kina zaune kina kallo ina jan bokiti da wannan bayan nawa."

"Ai na ce miki mutumin kirki ne."

"Shi ya sa ban gane shi ba."

Daga nan ta kama kan Auta ta rungume, ta yi kuka mai yawa, shi ma ya yi. Ni na shiga kicin na ɗora ruwan shayi, don wani ya kamata ya yi abin amfani. Kafin la'asar kuwa duk layin ya ji, kamar yadda ya faɗa. Wannan karon kaɗai na yarda ya fi ni sanin uwarsa.

Ranar rusau mun so ta tafi gidan babbar 'yarta ta wuni, ta ƙi. Kafin ma'aikata su taɓa komai sai da ta zare ƙyallayen nan ɗaya bayan ɗaya ta zuba a jaka, ba ta bar kowa ya taya ta ba. Aka fitar da keke da kabad, aka ɗaye kwanon rufi, aka sauke katakai. Bangon baya ko guduma bai jira ba, mutum biyu suka sa kafaɗa ya tafi. Sauran suka bi shi. Da ƙura ta lafa sai ga ƙofar tsaye ita kaɗai a tsakiyar fili, cikin katakonta, ba bango dama ba bango hagu.

Inna ta taka ta bi ta kan tarkace, ta kama mariƙin, ta buɗe, ta wuce ta ciki, ta rufe. Sannan ta leƙo ta gefe ta dubi ma'aikatan.

"Kun ji wani ƙara?"

Suka ce ba su ji komai ba.

"To," ta ce. "A gina ɗakin a jikinta."

Haka aka yi. An haƙa tushe mai zurfi, an ɗora sabon ɗaki a kewayen tsohuwar ƙofa, keke ya koma wurinsa. Kabad ɗin yanzu ana matsar da shi a yi shara. An goge jan fentin dillali, shi ma ya huce har ya dawo da ɗinkin iyalinsa, ko da yake yana duba kowace riga ciki da waje kafin ya biya. Firji kuwa har yau wurinsa a share yake a kicin ɗina.

Robobin ne dai ba su yi ritaya ba. In aiki ya sha kan Auta ya kwana biyu bai leƙa ta ba, sai waya ta yi ƙara, ko da tsakiyar rani ne, ba ko gajimare a sama.

"Auta, rufin nan naka yana yoyo."

Da farko yakan tsaya gardama. Yanzu sai ya dube ni, ni kuma in ɗauko masa tocila, in ce yara su sa takalma. Muna shiga za mu tarar da roba ɗaya a tsakiyar falo da ɗan ruwa a ciki, ga abinci a rufe a kan tebur wanda ya ishe mu duka. Auta ya kafa tsani, ya shiga silin, ya ɗan daɗe yana ƙwanƙwasa katako don ta ji, ya sauko yana kaɗe hula.

"Na gyara, Inna."

"Allah ya yi maka albarka," sai ta ce, tana zuba masa abinci. "Sai dai gyaran yanzu ba ya daɗewa."